Tafasar Motar Maigandi

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Almustapha bakanike da na Baba Maigandi a Batsari, don haka ko tarin juna suna ji. Ran nan da hantsi muryar Inna Tasalla, matar Maigandi, ta tsallako.

"Malam, wannan mota ce ko tukunyar dahuwar wake? Kullum sai ta tafasa a Zakka! Ga bakanike a maƙwabta."

"Tsufa ne, Tasalla. Ke ma in kin yi tafiya ai kina huci."

"Ni na taɓa ƙona maka hannu?"

Almustapha ya yi murmushi. Maigandi direba ne tun samartaka, da tsohuwar Pijo akori-kura yake jigilar gero da gyaɗa zuwa Safana ta hanyar garin Zakka. Yana goge ta da gefen rawaninsa, ba ya tashinta sai ya bar injin ya ɗumama, wai mota kamar mutum take, sanyi na cin ta, zafi na cin ta, lafiyarta allurar nuna zafin inji ta tsaya a tsakiya. Amma tamostat ɗinta, ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwan lagireto hanya idan inji ya yi zafi, na ƙasashen sanyi ne, ga tsatsa, ba ya buɗewa da wuri. Almustapha ya ce a cire shi kamar yadda kowa ke yi, Maigandi ya ƙi. Ya samo mai saurin buɗewa, ya ƙi. Mutumin da ke jin ciwon ƙwarzanen fenti, me zai sa ya so motarsa da zazzaɓi?

Da aka kawo ta gyaran birki, Inna Tasalla ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, sa sabon. Laifin a kaina." Ya sa, kuma washegari ya ce zai bi Maigandi ya ji birkin.

Suna tafe Maigandi na satar kallon allura. Ta tsaya cak a tsakiya. Ya dubi Almustapha, ya sake duban allurar. Da suka shiga Zakka ya rage gudu, ya wuce wani zaure, sannan ya taka birki ya dawo da baya. Ya fita ya ɗaga bonet kan injin da ko hayaƙi babu.

Wani tsoho ya fito da bokitin ruwa, da alama tun safe aka cika shi. Hancinsa da na Maigandi iri ɗaya. Nan Almustapha ya tuna zancen da ake yi: Mamman, yayan Maigandi, wanda suka daina magana tun rabon gonar ubansu. Gaisuwa ta yanke, amma ba a hana matafiyi ruwan mota. Ashe shekarun nan haka suke ganin juna, ɗaya ya miƙa, ɗaya ya zuba. Yau shi Almustapha, da sabon ƙarfensa, ya raba su da wannan ma.

Mamman ya ɗora tafinsa a kan lagireto, ya jima. Ya ɗauki bokitinsa ya juya.

Maigandi ya bi shi har bakin zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Yaya, ita kam an gyara ta. Ni za ka ba ruwan."