Fannami, Mai Shiga Gaban Mota

Duk daminar da kogin Haɗeja ya tumbatsa ya shanye hanyar Jahun, Fannami kan riga direba isa bakin ruwa. Ya tuɓe riga ya naɗa a ka, ya tattare wando, ya ɗauki gorarsa ya shiga. Shi a gaba, mota a baya tana bin ƙeyarsa a hankali, inda ya taka nan taya za ta taka. In ya zurma rami, direba ya san akwai rami, ya kauce. Aikinsa ke nan, ya faɗa don kada mota ta faɗa. In ya haye da motar safe, sai ya zauna gindin giginya ya ciccire matsattsaku daga ƙwaurinsa, ya kamfaci ruwan da ya tako ya sha, ya jira ta yamma.

Motocin na Alhaji Zarami ne. Bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ya sayi wata tsohuwar motar soja, kafinta ya yi mata bodin katako da bencuna, aka raɗa mata suna Kurciya. Daga ita sai Sannu-Sannu, sai Mai Kwalli, sai wata jar akwala da ko suna ba ta samu ba, don kullum tana garejin Kano. Sauran masu motoci kan jingine nasu da zarar ruwa ya sauko. Na Alhaji kaɗai ke kai kifi da mutane Kano damina da rani, har aka riƙa cewa motocinsa sun iya iyo. Ba su iya ba. Ƙafafun Fannami ne.

A tambayi 'Yar'azumi mai bandar kifi. Shekarar babbar ambaliya Kurciya ta mutu a tsakiyar ruwa, ita kuwa tana ciki da tsohon ciki. Direba ya haye kan bodi yana salati. Fannami ya riƙa goya fasinja ɗaya bayan ɗaya yana kai su tudu, ruwa iya ƙirji. Da ya zo kanta ta ce, "Baba Fannami, mu biyu ne fa." Ya ce, "To ku riƙe ni da kyau ku biyun."

Kai ne wannan, Fannami, gadar da ba a gina ba. Kai ne ka sha ruwan fadama har kurkunu ya mai da ƙafarka gidansa, kana naɗe shi a tsinke kana komawa ruwa.

Bara En'e, hukumar gargajiya, ta cike hanya, ta sa kwalbatoci. Alhaji ya kawo bas sabuwa fil, mai tagogin gilashi da kujeru masu laushi, ita kaɗai aka bar wa hanyar Kano, tsofaffin aka mai da su kasuwannin ƙauye. Aka yi biki, har Di'o, jami'in mulkin gunduma, ya zo kallo. Maroƙi ya wasa motoci ɗaya-ɗaya, har da jar akwalar nan. Ba wanda ya ambaci Fannami. Yana gida a kwance, kurkunu ya tsinke masa a gwiwa, wurin ya ruɓe. Malamin asibiti ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, in ba a kai shi Kano da wuri ba, ƙafar za ta tafi.

Aka tallabo shi zuwa tasha. Inuwa, akawun da Alhaji ya damƙa wa bas, ya toshe hanci tun daga nesa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ciwon nan yana ruwa, zai ɓata kujera. Ka bari ya ɗan bushe."

Ya ɗan bushe! Ciwon da ake gudu da shi Kano don ya ƙi bushewa! Aka mai da Fannami gida. Mako ya zagayo aka sake kawo shi, aka sake korarsa da lallami. Aka kai magana gun Alhaji, ya ce sha'anin bas yana hannun yara. Mu kuma mutanen gari, da yawanmu mun hau bayan mutumin nan, muka tsaya muna cewa Allah ya sawwaƙe. Kunya ta kama mu duka, har da ni mai wannan rubutu.

Sai da abin ya faɗo ranar tafiyar 'Yar'azumi: aka kawo shi, Inuwa ya sake hana shi hawa. Ta sauko daga bas, ta tsaya a gaban injin ta riƙe ƙugu.

"Inuwa, kifina da ke saman motar nan turare yake yi?"

"Inna, doka ce."

"Dokar wa? Lokacin da ya goyo uwarka daga ruwa, ya ce ta bushe tukuna? Wallahi motar nan sai ta bi ta kaina."

Ta kwance mayafinta ta naɗe masa gwiwa, ta zaunar da shi a kujerarta, ita ta haƙura da kasuwar. Waɗanda suka yi tafiyar sun ce daga Haɗeja har Kano bai sauke ƙafar ba. Ya tallabe ta da hannu biyu a sama, gumi na zuba, duk ramin da mota ta faɗa sai ya cije leɓe.

An makara. Likita ya yanke ta daga saman gwiwa.

Mun gode, Fannami, ko da godiyar ta zo ba ta iya tsayar da kai. Allah ya biya ka abin da muka kasa. Samarin tasha, in kuna neman wanda za ku koya a gunsa, ga shi nan a zauren gidansa a bakin kasuwar kifi, ku je ku gaishe shi. In kuma kuka ga ana wulaƙanta irinsa, kada ku jira sai 'Yar'azumi tana da tafiya.

Da ya dawo, Alhaji Zarami ya je dubiya da ƙwaryar goro. Fannami ya yunƙura zai tashi, ya tuna, ya koma ya zauna. Bayan gaisuwa ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ina fata ban ɓata kujerar ba."

An duba. Kujera lafiyarta ƙalau.