Ba Ya Son Ƙwallon Kyauta

Maigidana tela ne a Nima, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce cin ƙwallo. Tun kafin ya aure ni yake buga wa unguwa. Da gemu ya yi fari ya koma ƙungiyar tsofaffi da ke haɗuwa kowace Lahadi da safe a wani fili kusa da Maamobi. Ba ya gudu, ba ya komawa baya ya taimaki kowa. Yana nan a bakin raga kamar mai jiran trotro, motar haya, ƙwallo na zuwa ya sa mata ƙafa.

Gwaninsa kuwa wani Bature ne na Ingila, na zamanin da aka fara biyan 'yan ƙwallo albashi. 'Yarmu ce ta nemo masa hotonsa a waya, gashin baki kamar tsintsiya, wando har gwiwa. Na sha labarin mutumin nan har na ƙoshi. Wai daga masana'anta ya fito, ya yi shekaru yana zura ƙwallaye a cikin taɓo, masu tsaron baya na sassarar ƙafarsa, kuma ba wanda ya taɓa tausaya masa.

Da likita ya ce gwiwar maigidana ta gama aiki, ƙungiya ta sa ranar wasan sallama. Al'adarsu ita ce a irin wannan rana gola ya yi kamar ya zame, mai barin wasa ya ci ta ƙarshe, a tafa, a sha koko. Wannan abu ya hana mijina cin tuwo. Golan ɗaya ɓangaren maƙwabcinmu ne, mahauci, abokinsa tun suna yara, kuma mijina nauyinsa yake ji. Ni ya aika wurinsa.

Na same shi yana saran nama. Na ce, "Alhaji, abokinka ya ce kada ka bar masa ko ɗaya."

Ya ajiye wuƙa. "Hajiya, tsoho ne fa. In na kama duka zai ji kunya paa, ba kaɗan ba."

"Ya ce in ka bar masa, shi da namanka har abada."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

Ranar wasan ban ɗora tukunyar waakye ba, shinkafa da waken da nake sayarwa, na bar masu saye suna ƙorafi, na tafi fili. Duk abin da maigidana ya buga, mahaucin ya tare. Dab da tashi aka taɗe maigidana da gaske, rafali ya ba da fenariti. Ya ajiye ƙwallo, ya buga ta can gefe, ƙasa-ƙasa. Mahaucin nan, da duk nauyinsa, ya wurga kansa a kan tsakuwa ya ture ta da yatsu.

Nan take mutanen fili suka hau zagin mahaucin. Ni ma da na kai saƙon sai da na tsine masa a zuciya, don raina ya ɓaci sosai. Maigidana ya ɗingisa ya je ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa ƙura, suka duba gwiwar hannunsa da ta ɗaye.

A hanyar gida ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba. Na shirya maganar lallashi, sai na ga bakinsa har kunne.

Ya ce, "Kin ga faɗuwar da ya yi? Mai wannan tumbi ba zai zubar da kansa haka don tsoho ba. Wallahi har yau tsorona yake ji."