Na'ana'ar Inna Bara'atu

A unguwarmu ta Wurno, idan butarka ta fashe ba ka yar da ita, don Inna Bara'atu za ta aiko a karɓa. Tsakar gidanta kaf fasassun butoci ne da tsofaffin kwanoni da buhunan siminti cike da ƙasa. Gindin albasar da kowace mace ke yankewa ta watsa a bola, ita dasa shi take, bayan 'yan kwanaki ta yanki lawashi. Ɗoɗɗoya kuwa a gidan suna take tsinko reshe, ta ƙulle a bakin zane. Rabonta da sayen ganyen miya har ta manta, mai kayan miya na bakin titi ma da ƙyar yake amsa gaisuwarta.

Shuke-shuken nan duk ta jera su a wurin alwala, kada ruwa ya tafi a banza. Baƙo in ya shigo, ko lokacin salla bai yi ba sai ta miƙa masa buta.

Mijinta Malam Lauwali manomin albasa ne a fadama, kuma abin nan nata kunya yake ba shi. Shi yana loda buhu-buhu a mota, matarsa tana renon gindin albasa.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, na'ana'ar da ke cikin wata tsohuwar tukunya. A bakin rijiyar gidan mahaifiyarta a Shinaka ta tumɓuko ta, ranar da suka kwaso danginta saboda 'yan bindiga. Tsohuwar ta rasu, gidan babu kowa.

Da 'yarta ta haihu a Acida, ta tafi zaman jego, ta bar wa Malam amanar tukunyar. Ruwa kawai ta ce ya riƙa zubawa. Shi kuwa shekara talatin yana noma, mace ce za ta koya masa? Ya ga ganyen ƙanana, ya cika tafin hannu da takin zamani kamar zai watsa wa gona, ya juye a tukunya. Kwana uku na'ana'ar ta ƙone ƙurmus. Ya sayo wata a kasuwa ya dasa, ya roƙe mu maƙwabta mu yi shiru. Muka yi shiru, muna jiran kallo.

Ranar da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta murza ganye ɗaya ta shinshina.

"Malam, wagga ba ta Innata ba ta. Mi kay yi mata?"

"Taki ɗai niz zuba, don ta yi kyau."

Mun zaci za ta tara masa unguwa. Sai ta shige ɗaki. Kwana biyu ko buta ba ta aiko nema ba, wallahi ta ba ni tausayi.

Rana ta uku Malam ya hau babur da sassafe bai gaya wa kowa ba. Da la'asar sai ga shi, laka har gwiwa, da saiwoyi nannaɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Shinaka ya je, ta hanyar da 'yan kabu-kabu ma ba sa so su bi.

Ta karɓa, ta shinshina, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Haba Malam! In da sun kama ka, da mi za ni hwanso ka? Da lawashi?"

Muka kwashe da dariya. Ita kuwa ta durƙusa tana tona ƙasar tukunyar da yatsu, hawaye na ɗiga a bayan hannunta, har ta gama dasawa ba ta ɗago kai ba.