Laka a Kan Siminti

A garinmu, can gaba da Bolga, idan ka ga bangon gida ya sha zane har mai wucewa yana rage tafiya, ba sai ka tambayi hannun wa ba ne. Na Mma Akolpoka ne. Gajeruwar tsohuwa ce mai faɗan tsiya, kullum da taba a baki, faratanta kuwa jar ƙasa ta rine su tun kafin a haife ni. Ni maƙwabciyarta ce, kuma na sha zagi a wurinta fiye da 'ya'yan cikinta, saboda layin da na ja bai taɓa miƙewa ba.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ƙungiyar masu aikin hannu takan shirya zagaye. A jera fararen duwatsu tun daga bakin kasuwa, baƙi su bi su gida-gida: nan masu saƙar kwando, can masu ginin tukwane, gaba kuma bangayen da mata suka zana. Gidan Mma ne na ƙarshe, don a rufe da mai kyau.

To bara ɗanta Abugre, mai sayar da kayan gyaran mota a Kumasi, ya yi mata abin arziki. Tsohon ɗakin laka da mijinta ya bar ta a ciki ya tsage, sai ya rushe shi ya gina mata na bulo da siminti, da rufin kwano mai walƙiya. Gari duka ya sa masa albarka, ita ma har rawa ta taka. Amma da lokacin zagaye ya matso, Malama Azumah shugabar ƙungiya ta zo tana kame-kame.

"Mma, bana dai sai ki huta. Kin san ƙasar zane ba ta kama siminti. Duwatsun za su tsaya a gidan Atampoka."

"Atampoka? Wadda in ta zana kada sai ka ce ɓera mai ciki?"

"Haba Mma."

"Ke ce haba. Tashi ki ba ni wuri."

Kwana biyu ba ta ci tuwon kirki ba, ko zagina ta daina. Ta ba ni tausayi ƙwarai. Sai wata safiya na ji ana sara, na leƙa, sai ga ta da gatari tana sassare sabon bangon ɗanta. Na ruga wurinta.

"Mma, Abugre zai kashe mu."

"Ke zai kashe, ni na haife shi. Je ki kwaso kashin shanu."

Muka taru mu mata, aka kwaɓa laka da kashin shanu, aka yaɓe simintin nan kaf, saran gatarin ya riƙe lakar gam. Ta bi shi da baƙi da fari da ja tana waƙa tana zaginmu, muka goge da dutse, aka yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har bangon ya ɗauki sheƙi. Malama Azumah da kanta ta ƙaro duwatsu har ƙofar gidan, kanta a ƙasa.

Ranar zagaye sai ga Abugre ya sauka daga mota, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa. Ya wuce gidan uwarsa bai gane shi ba, ya dawo, ya tsaya. Baƙi cike da tsakar gida suna ɗaukar hoto, ƙwaryar fito, giyar dawa, tana zagayawa. Ya haɗe rai, ni kuwa na laɓe bayan rumbu.

"Mma, na fitar da ke daga laka, kin koma ciki? Sai a ce na kasa gina wa uwata ɗaki."

"Wa zai ce? Nuna min shi in ga ɗakin uwarsa."

Bai yi dariya ba. Sai ta kamo hannunsa ta ɗora a kan bangon, ta sassauta murya, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Tun ina amarya nake zane, ɗan nan. Na yi wa kakanka, na yi wa ubanka, na yi wa rabin garin nan. Duk bangon mutane ne. Wannan kaɗai aka taɓa cewa nawa ne, kuma kai ka ba ni. Sai in bar shi tsirara?"

Ya daɗe bai ɗauke hannunsa ba. Can wata baƙuwa daga Tamale ta tambayi wanda ya yi ginin. Abugre ya yi gyaran murya.

"Ni na gina," in ji shi. "Amma ɗakin nata ne."