Ranar da Abuna ya ƙi amsa gaisuwata

Shekara tara ke nan da rasuwar Butrus, maƙwabcina a unguwar Alsawra. Mutumin Duwatsun Nuba ne, ɗan Katolika, makanikin motoci a kasuwar Suk al-Shabi. Ni Musulmi ne, iyayena sun yi ƙwadago a gonakin audugar Gezira. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, shayin safe kuwa kullum tare.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, abu ɗaya ya dame shi: kada ya mutu bai karɓi kurban ba, wato gurasar nan da ake keɓewa a cocinsu. 'Ya'yansa suna nesa. Ya kamo hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, je ka wurin Abuna." Haka suke kiran limaminsu.

Na je. A tunanina abin kamar ruwan Zamzam ne, ana ba amintacce ya kai. Na ce wa Abuna ya naɗe mini a takarda, kada ya sha wahalar hanya. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce zai zo da kansa.

Muka shiga motar haya. Na tambaye shi lafiya, na yi zancen zafi, na yi zancen tsadar sukari. Kai kawai yake gyaɗawa, hannunsa dafe da wata 'yar jaka a ƙirjinsa. Har muka sauka raina a ɓace.

Washegari na kai wa Butrus ƙara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai Bahaushe, gaisuwa za ta kashe ku! Ba shi kaɗai ba ne a motar nan."

Sai ya yi mini bayani. A imaninsu, bayan addu'ar keɓewa, Almasihu da kansa yana cikin gurasar, don haka suke durƙusa mata. Mai ɗauke da ita ba ya hira a hanya, yana tare da Ubangijinsa. Ban yarda da wannan ba, shi ma bai nemi in yarda ba. Amma na ga fuskarsa a ranar da Abuna ya kawo masa kurban, fuskar wanda baƙon da ya daɗe yana jira ya iso. A makon ya rasu.

Yau yaƙi ya watsa unguwarmu. Na ji an ce cocin a rufe take, ban san inda Abuna yake ba. Da Butrus na nan, na san ba ginin zai fara tambaya ba. Cewa zai yi, tsofaffin da suka kasa gudu, wa ke kai musu kurban?

Garejinsa ya koma hannun wani, 'ya'yansa ba su dawo ba. Abin da ya rage mini shi ne sanin cewa ya samu abin da ya roƙa kafin ya tafi, kuma da ƙafata aka ɗauko masa. Ni ne dai har yanzu ba wanda zai iya ɗauko mini Butrus.