Igiyar Gadon Goggo

Jiya 'yata ta ɗauki wuƙa za ta yanke igiyar shanyarmu a nan Damazin. Na fizge wuƙar.

Igiyar gadon Goggo ce, yayar babana. Ranar da yaƙi ya tashe mu daga Suki, muka rasa abin ɗaure kaya a keken jaki. Sai Goggo ta kife gadonta tana warware saƙar, ƙanshin man riɗinta na tashi daga igiyar.

"Goggo, a ina za ki kwana?"

"Ke dai ja, sarkin surutu. Ƙasa ba baƙuwata ba ce."

Ta ƙi binmu. A waya muka ji rasuwarta, har yau na kasa zama wuri ɗaya. Allah Ya jiƙanta, Ya nuna mini kabarinta kafin a haƙa nawa.