Ganyen Ƙarshe na Littafin Kakana

Shekarar da rana ta yi husufi, har kaji suka shige akurki da hantsi, ɗan majalisarmu ya rasu, aka sa zaɓen cike gurbi gab da faɗuwar damina. Ina tuna lokacin saboda ƙamshin gafakar kakana, ƙamshin tsohuwar fata da tawadar ƙaro. Har yau idan na buɗe ta, ranar zaɓen nan nake gani.

Kakana malamin zaure ne a wani ƙauye kusa da Zakka. A ganyen ƙarshe na littafinsa yake rubuta haihuwar kowa a gidanmu da ajami, rana da wata da shekarar Hijira. A lissafinsa na cika sha takwas a watan husufin. Ya ce tunda Allah ya kawo zaɓe ba a lokacinsa ba, rabona ne ya tsaga, shi da kansa zai kai ni. Ya rataya gafaka muka tafi, yana tsokanata a hanya wai na isa dangwala yatsa amma ban isa ƙwace masa amarya ba.

An kafa akwati a gindin darbejiyar makarantar firamare. Malamin zaɓen saurayi ne daga birni, mai ladabi. Ya durƙusa ya gaida kakana, ya duba rajista bai ga sunana ba. Ya bayyana mana cewa a zaɓen cike gurbi da tsohuwar rajista ake aiki, wanda ba ya cikinta sai ya jira. Kakana ya zaro ganyen ya karanta masa. Saurayin ya lissafa a bayan wata takarda, ya ce shekarar hukuma ta fi ta Hijira tsawo da kwanaki, a tasu ƙidayar saura mini wajen wata huɗu. Kakana ya gyaɗa kai. Mutum ne mai girmama ƙa'ida, ko ba tasa ba ce.

Da a nan aka tsaya, da ban rubuta wannan ba. Sai ga Baffana, ƙanen mahaifina, wakilin jam'iyya, cikin babbar rigar da ɗan takara ya ɗinka masa, wadda ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Ya ɗaga ganyen da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumma, ya nuna wa 'yan layi.

"Baba, nan ba zaure ba ne. Wannan takardar sai dai a ƙunshe ƙosai."

Aka yi dariya, irin ta mutanen da aka raba wa sabulu da safe. Sannan ya ja ni gefe ya cusa mini wani kati a hannu. Katin wancan zamanin ba hoto. Sunan maƙwabcinmu ne a jiki, wanda kakana ya yi wa sallar jana'iza a lokacin girbi. Ba zan ɓoye maka ba, na so in shiga layin. Ga ɗan Baffa can yana ɗaga babban yatsa shuɗi, yaron da sunansa ke layi biyar ƙasa da nawa a ganyen, ko azumi bai fara kaiwa ba. Na waiwaya na ga kakana yana goge gefen takardar da hannun riga, bai dube ni ba. Na ajiye katin a kan benci na bi bayansa.

A hanya magana ɗaya ya yi. Ya ce wata rana Baffa zai nemi ganyen nan, kuma idan shi kakana ba ya raye in karanta wa Baffa, amma sai ya roƙa da bakinsa.

Ɗan takarar Baffa ya ci, da ƙuri'un matattu da na yara. Ba mu sake ganinsa ba sai a allon hoto. Kakana ya rasu bayan damina uku, Baffa bai nemi gafararsa ba, gafaka kuma ta dawo hannuna.

Yanzu kati yana da hoto, na'ura tana duba yatsa, masu babbar riga dai suna nan da halinsu. Bara Baffa ya samu kujerar Makka. Wajen yin fasfo aka tarar takardunsa uku kowace da shekarunta: ya rage a ta neman aiki, ya ƙara a ta takara, har shi kansa ya manta ta gaskiya. Ya aiko ɗansa, na ce sai dai Baffa ya zo da kansa. Ya zo bayan la'asar, ya yi ta kewaye-kewaye da zancen tsadar taki. Na bar shi har ya gaji.

"Ɗana, takardar Baba nake roƙo ka duba mini."

Na zaro ganyen na miƙa masa, ko da yake bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba. Ya goge tafukansa a riga, ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da ya faɗa a gindin darbejiya. Na ce amin, na karanta masa ranar da aka haife shi.